Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Na Jihar Gadarif Kan Dattawan Da Magana Ke Kuɓuce Wa

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya na Jihar Gadarif,



Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da juriya, ya dafa maka a kan nauyin da ka ɗauka a lokacin da ba kowa ne zai yarda ya ɗauke shi ba. Gaisuwa kuma ga likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi da ke ƙarƙashinka, waɗanda suka tsaya a bakin aiki tun daga ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilun 2023 har yau, da albashi ko babu.

Ranka ya daɗe, na zaɓi in yi wannan magana a bainar jama'a ne domin hanyar da aka saba bi ba ta da ƙofar da kukan zai shiga. Iyalin da tsohonsu ya fara rasa magana sukan kai shi cibiyar lafiya, a auna masa jini, a rubuta masa ƙwayoyi, a ce musu tsufa ne, su koma gida da shi kamar yadda suka zo. Babu ɗakin da za a tura su, babu takardar da za a rubuta matsalar a kai, don haka ba ta isowa teburinka cikin rahoton wata. Masu ciwon kuwa su ne mutanen da ba za su iya tsayawa gabanka su faɗi damuwarsu ba, tunda bakin faɗar shi ne abin da ciwon ya ci. Abin da nake son tabbatar maka shi ne: rasa magana saboda cutar mantuwa ciwo ne da ake iya sauƙaƙa wa mai shi da kuɗi kaɗan, muddin an yi aikin cikin harshen da mutum ya tashi da shi, kuma wurin wannan aiki shi ne cibiyoyin lafiya na matakin farko da ke hannunka.

Bari in fara da yadda ciwon yake, domin a nan kuskuren yake farawa. A cutar Alzheimer, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na cutar mantuwa, sunayen abubuwa na cikin abin da ke fara sulalewa. Mutum ya san buta, ya san abin da ake yi da ita, amma sunan ya ƙi zuwa, sai ya ce "miƙo min abin nan". Daga baya doguwar magana ta fara yi masa nauyi, ya rasa bakin zaren hira idan mutum uku suna magana lokaci guda. Akwai kuma wani nau'i da ke fara kama harshe kaɗai ya bar sauran hankali har tsawon shekaru. Likita Arnold Pick ya bayyana mai irin wannan larura a birnin Prague tun 1892, likita Marsel Mesulam ya sake fito da ita fili a Amurka a 1982, kuma a 2011 masana suka yi ittifaƙi a kan kasa ta gida uku: wanda furuci ke yi wa wuya har magana ta riƙa fita a gutsure, wanda ma'anar kalmomi ke ɓace wa alhali bakinsa na gudu, da wanda ke tsayawa tsakiyar jimla yana laluben kalma. Wannan nau'i yakan fara ne tun mutum yana shekara hamsin da wani abu ko sittin da wani abu. Ke nan muna maganar manomin da har yanzu yake lura da gonar dawarsa, da dillalin da ke cinikin riɗi a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, da malamin da ke da almajirai a gabansa. Lissafinsu daidai yake, sun san hanyar gida, sun san wanda ke binsu bashi. Kalma ce kawai ta ƙi fita, mutane kuma suka yanke musu hukuncin gigin tsufa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu cutar mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa kowace shekara. Gadarif ba ta fita daga wannan lissafi ba, hasali ma yaƙi ya ninka mata rabonta. Bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar 2023 da ta Sinja a tsakiyar 2024, dubban ɗaruruwan mutane sun kwararo jihar nan, aka cika makarantu da gidajen dangi, kuma cikinsu akwai tsofaffin da aka ɗauko a bayan motoci. Da yawansu maganin hawan jini da na ciwon suga ya yanke musu na watanni, waɗannan biyun kuwa su ne manyan hanyoyin da ke kai mutum ga shanyewar ɓarin jiki da lalacewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sannan duk wanda ya san wannan ciwo ya san cewa raba mai shi da ɗakinsa da maƙwabtansa yana ƙara masa ruɗewa. Tsohuwar da take iya lallaɓa rayuwarta a gidanta na jihar Jazira, domin ta san inda komai yake ba sai ta tambaya ba, a ajin makaranta mai mutum talatin dole sai ta tambaya, tambayar kuwa ita ce ta gagare ta.

Kukana na farko, Allah ya taimake ka, shi ne ba a bincike. Kalmar "tsufa ne" tana rufe ƙofa a kan abubuwa da dama da ake warkarwa. Tsohon da kunnensa ya toshe da dauɗa ko jinsa ya ragu zai riƙa ba da amsar da ba ta dace da tambaya ba, a ɗauka hankalinsa ne ya gushe, alhali kwamitin masana na mujallar Lancet a rahotonsa na 2024 ya sa raunin ji cikin abubuwa 14 da idan aka magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa. Ƙarancin sinadarin B12 yana kawo ruɗewa. Raunin aikin tayirod, halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, yana kawo ta. Zazzaɓin cizon sauro ko ciwon mafitsara na iya birkita tsoho cikin kwana biyu, a ba shi magani ya dawo hayyacinsa. Baƙin cikin wanda ya rasa 'ya'ya da gida yana sa shi yin shiru har a zaci ya manta magana. Haka kuma wanda maganarsa ta ɗauke farat ɗaya, da safe lafiya da yamma babu, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce, gaggawa take buƙata, kuma horon magana yana yi masa amfani sosai: nazarin Cochrane na 2016, wanda ya tattara gwaje-gwaje 57 a kan mutum kusan 3,000, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa horon sun fi waɗanda ba a yi wa ba iya sadarwa ta yau da kullum. Tambaya ɗaya, wato "a hankali abin ya zo ko lokaci guda?", tana raba waɗannan hanyoyi, kuma ba ta cin ko fam ɗaya.

Kuka na biyu shi ne wanda ya fi damuna, kuma shi ne ya keɓanci jiharmu. Gadarif gari ne na harsuna. Ban da Larabci akwai Hausa da Fulatanci da Barbarci, akwai harshen Masalit da na Bani Amir da harsunan Nuba, ga kuma Tigrinya da ake ji a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba tun bayan yaƙin Tigray da ya ɓarke a Nuwambar 2020. Hausawa sun daɗe a nan. Wasu jikokin alhazai ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, hijirar da ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da yawa daga cikin dattawanmu, musamman mata, da Hausa suka buɗe baki, Larabci kuwa a kasuwa da gona da maƙwabtaka suka tsince shi. Ma'aikatan jinya a ƙasashe da dama sun daɗe suna lura cewa mai harshe biyu idan cutar ta yi nisa yakan koma ga harshen ƙuruciyarsa, ko ya riƙa cakuɗa su bai sani ba, ya amsa wa likita da harshen da likitan ba ya ji. Binciken masana ya nuna abin ya danganta da shekarun da mutum ya koyi harshe na biyu da yawan amfani da shi, shi ya sa ƙa'idar da suka tsayar ita ce a gwada mutum da harsunansa duka. To dubi abin da ke faruwa idan ba a yi haka ba. A tambayi dattijuwa da Larabci yau wace rana ce a kalandar bature, a ce ta rage bakwai daga ɗari ta ci gaba da ragewa, a miƙa mata alƙalami ta kwafi zane, ita da ba ta taɓa zama a aji ba. Za ta faɗi jarrabawar ko da ƙwaƙwalwarta garau take. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ciwon ya kama da gaske sai a ce ai dama Larabcinsa bai nuna ba, a sallame shi. Kuskure biyu ke nan masu kishiyantar juna, tushensu ɗaya. Maganinsu kuwa yana nan: akwai gwajin RUDAS da aka tsara a Ostireliya a 2004 musamman domin mutane masu harsuna da al'adu dabam-dabam, an kuma fassara shi zuwa Larabci, akwai gwajin IDEA da aka gina a Tanzaniya aka kuma gwada a Najeriya domin tsofaffin da ba su yi boko ba. Abin da ya rage shi ne a zauna a daidaita ɗaya da Hausar Gadarif da sauran harsunanmu, a tambayi tsoho watan Musulunci da lokutan salla da sunayen hatsi, abubuwan da rayuwarsa ta ginu a kai.

A nan zan ɗan ratse, ranka ya daɗe, domin batun ya wuce asibiti. A lokacin da shingayen bincike suka yawaita a hanyoyi, dattijon da ya fita ya ɓata, aka tare shi, ya kasa faɗin sunansa da unguwarsa da Larabci, yana cikin haɗarin da ya fi na yunwa. Al'ummar da ta daɗe tana shan tambaya a kan asalinta a ƙasar da aka haifi kakanninta ta fi kowa sanin abin da shiru a gaban mai bindiga ke jawowa. Ƙaramin kati mai hatimin ma'aikatarka, ɗauke da suna da unguwa da lambar wayar ɗa ko 'ya da bayanin cewa mai katin yana da larurar magana, zai iya ceton rai.

Kuka na uku: idan magana ta gagara, sai a koma ga maganin barci. Mutumin da haƙori ke yi wa ciwo, ko fitsari ya riƙe masa, ko ƙishirwa ta dame shi, kuma ba shi da kalmar faɗa, zai yi ihu, zai ture hannun mai ba shi abinci, zai tashi cikin dare. Iyali su gaji, su nemi abin da zai kwantar da shi, a ba su magungunan taɓin hankali. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi tun 2005, ta kuma faɗaɗa shi a 2008, cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu cutar mantuwa. Wani gwaji da aka yi a gidajen tsofaffi na ƙasar Norwe, aka buga a 2011 a kan mutum 352, ya nuna cewa ba da maganin ciwo bisa tsari, wanda ga yawancinsu farasitamol ne kawai, ya rage tayar da hankali. Ma'ana, yawancin abin da ake kira rikicin tsufa saƙo ne da bai samu mai karantawa ba. Wasu gidajen kuma sukan kulle tsoho a ɗaki ko su ɗaure shi. Ba na zargin iyalan, domin ba wanda ya taɓa nuna musu wata hanya.

Wannan ya kawo ni ga kuka na huɗu, wato ba a koya wa iyali komai, alhali su ne asibitin gaskiya na mai wannan ciwo. Mutane kan zaci aikin mai gyaran magana shi ne ya zaunar da tsoho yana maimaita masa kalmomi kamar ɗan makaranta. Akwai wannan, kuma ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba yana amfani: a zaɓi kalmomi talatin ko arba'in da rayuwarsa ke buƙata, sunayen jikoki da na abinci da na magunguna, a riƙa bitarsu da hoto, ko a tsara masa gajerun jimloli na gaisuwa da ciniki da kiran waya ya haddace. Amma mafi girman aikin yana kan abokin hira. Cibiyar Aphasia Institute ta Toronto a Kanada da masu bincike na University College London sun gina shirye-shirye sukutum a kan wannan, kuma abin da suke koyarwa kowace 'ya ko suruka za ta iya. Ki zauna a gabansa ya ga fuskarki. Ki kashe rediyo. Jimla ɗaya, saƙo ɗaya. Ki jira, ko da shirun ya yi miki tsawo. Maimakon "me za ka ci?", ki nuna masa kwano biyu ki ce "asida ko kisra?". Idan ya kira shayi da sunan ruwa kuma kin gane, ki ba shi shayin, kada ki tsaya gyara. Ki daina yi masa jarrabawar "ka gane ni? wace ce ni?" a gaban baƙi, domin ba ta dawo da suna, kunya kawai take ƙara masa har ya daina yunƙurin magana gaba ɗaya. Tun 1990 mai bincike Michelle Bourgeois ta nuna cewa ɗan littafin aljihu mai hotuna da gajerun bayanai game da rayuwar mai cutar Alzheimer yana sa hirarsa ta ƙara ma'ana. A wurinmu wannan littafi zai iya zama hotuna a waya da muryar jika yana faɗin sunan kowa, ko rubutun Hausa da baƙaƙen Larabci ga dattawan da suka yi karatun allo, waɗanda sau da yawa ake rubuta su cikin marasa karatu bisa kuskure. Masu gyaran magana su ne kuma ke lura da haɗiya, domin a ƙarshen ciwon abinci kan bi ta hanyar iska ya haifar da ciwon huhu, wanda yana cikin abubuwan da suka fi kashe waɗannan marasa lafiya. Zaunar da tsoho a miƙe, ba shi kunu ko godo-godo kaɗan-kaɗan, tsaftace masa baki, da sanin cewa tari a kan kowace loma alama ce ta haɗari, darasin rabin awa ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, kuma ba na raina su. Za a ce jihar da aka ayyana ɓarkewar kwalara a cikinta a Satumbar 2023, ta sake fuskantar wata a 2024, jihar da ke fama da zazzaɓin denge da kala'azar da yunwar yara, ba ta da sararin kula da hirar tsofaffi. Gaskiya ne yaron da ke amai da gudawa yana gaban kowa, ba kuma na neman a ɗauke ledar ruwa ɗaya daga hannunsa. Sai dai abin da nake nema ba ya gasa da kwalara a kan gado ko magani ko man janareta. Horo ne na 'yan kwanaki ga ma'aikatan da suke nan, da takarda mai hotuna, da minti goma sha biyar a rediyon jiha. Rashin yinsa kuma yana da farashin da ma'aikatarka ke biya ba tare da ta ƙirga ba: tsohon da ya kasa cewa yana jin ƙishirwa shi ne ake kawowa a bushe, wanda ya shaƙe da abinci shi ne ke kwana goma a gadon Asibitin Koyarwa na Gadarif, wanda ya kasa bayyana ciwon cikinsa shi ne ake kawowa bayan lokaci ya ƙure. Ga kuma matar da ta bar sana'arta ko yarinyar da ta bar makaranta domin zaman jinya.

Za a ce babu ƙwararru. Masu gyaran magana a Sudan dama ba su da yawa tun kafin yaƙi, yawancinsu a Khartum suke, yaƙin kuma ya watsa su kamar yadda ya watsa sauran ma'aikatan lafiya. Amma duniya ta riga ta amsa wannan. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2008, an yi shi ne domin mataimakan likita da ma'aikatan jinya a wuraren da babu likitan ƙwaƙwalwa, kuma yana da babi a kan cutar mantuwa. Hukumar ta fitar da iSupport, littafin horar da masu jinya a gida, kyauta, an kuma ba ƙasashe damar fassara shi da daidaita shi. Akwai kuma tsarin zaman rukuni na motsa ƙwaƙwalwa da Aimee Spector da abokan aikinta suka gwada a Ingila a 2003, zama 14 cikin mako 7, wanda harshe na cikin abubuwan da ya fi taimakawa. An daidaita shi da rayuwar Afirka, an gwada shi a gundumar Hai ta Tanzaniya da kuma kusa da Ibadan, ma'aikatan lafiya na yankin ne suka gudanar, kuma sakamakon Tanzaniya da aka buga a 2017 ya nuna ci gaba, duk da cewa gwajin ƙarami ne. Idan ƙauyukan gindin Kilimanjaro sun iya, Doka da Hawata da Fao za su iya. Ƙwararre ɗaya ko biyu, ko daga cikin waɗanda yaƙi ya kawo jihar nan ko daga 'yan Sudan da ke ƙetare ta hanyar waya, sun isa su horar su kuma sa ido. Ɗaliban likitanci na Jami'ar Gadarif, waɗanda da yawansu sun tashi da harshe biyu, su ne hannun da ya fi dacewa da aikin fassara da gwaji.

Za a ce ai ba ya warkarwa. Haka ne, kuma duk wanda ya yi wa iyali alkawarin warkewa ya yaudare su. Cutar tana ci gaba, kalmomin da aka bita ma wata rana za su tafi, gwaje-gwajen da aka yi a wannan fanni kuma da yawansu ƙanana ne. Amma insulin ma ba ya warkar da ciwon suga, ba kuma wanda ya ce a daina ba da shi. Ma'aunin a nan shi ne watanni ko shekarun da mutum zai ƙara yana iya cewa ga inda ke min ciwo, ga abin da nake so, ga wanda nake bi bashi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Mai larurar harshe da hankalinsa ke nan yana da haƙƙin ya yi wasiyya, ya faɗi ra'ayinsa a kan gonarsa, ya san abin da ake yi da kuɗinsa a manhajar banki ta Bankak, kuma idan likita bai rubuta cewa yana fahimta ba, sai a yi rabon dukiyarsa yana zaune yana kallo.

Za a kuma ce wannan hurumin iyali ne da malamai, mutanenmu ba sa kai tsofaffinsu gidan gwamnati. Madalla da haka, kuma shawarata a kan wannan ɗabi'a ta dogara. Addininmu ya ambaci wannan mataki na rayuwa a Suratun Nahli da Suratul Hajji, ya kuma yi umarni da tausasa harshe ga iyaye idan sun tsufa a Suratul Isra'i. Niyya tana nan, dabara ce babu. Sudan kuma tana da abin koyi na kanta: Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a ƙasar nan, wanda asibitin Umdurman ke ɗauke da sunansa, ya yi suna ne a duniya saboda ya ɗauki shehunai da malaman addini abokan aiki maimakon abokan gaba. Limamin da ya san alamomin ciwon zai ci gaba da addu'arsa, ya kuma ce wa iyali su je a duba kunne da jini. Zai iya kashe zargin sammu da maita da ke faɗawa kan tsofaffin mata tun kafin ya yi tsiro. Sau da yawa karatun da mutum ya haddace tun yana yaro da zikirin da ya saba suna daɗewa bayan sauran magana ta tafi, don haka zama a cikin sahu da halartar majalisi suna cikin abin da ya kamata a ƙarfafa wa iyali, maimakon ɓoye tsoho a ƙuryar ɗaki don gudun abin da mutane za su ce.

Wanda zai ce amfani da harsunan gida a asibiti raba kan jama'a ne, amsarsa gajeriya ce. Larabci na nan a matsayinsa, ba kuma Hausa kaɗai nake roƙa wa ba. Likita ba ya zaɓar harshen da ciwo zai bar wa majinyaci.

Saboda haka, Mai Girma Minista, ga abin da nake roƙo. Ina roƙon ka ba da umarni a sa tambayoyi kaɗan a kan magana da ji da mantuwa cikin duba duk wanda ya haura shekara sittin a cibiyoyin matakin farko, a kuma rubuta harshen farko na majinyaci a katinsa, domin matsalar ta fara bayyana a rahotannin da ke zuwa gabanka. Ina roƙon a horar da mataimakan likita da ma'aikatan jinya da ungozomomi da babin cutar mantuwa na mhGAP, a haɗa da darasin sadarwa da haɗiya, a fara da cibiyoyi biyu ko uku a cikin gari da ɗaya a karkara, a kuma kauce wa lokacin girbin riɗi da dawa, lokacin da ba a samun kowa a gida. Ina roƙon ka kafa ƙaramin kwamiti tare da Jami'ar Gadarif da dattawan al'ummomi domin daidaita gwajin tantancewa da iSupport zuwa Larabcin Sudan da Hausa da sauran manyan harsunan jihar, a rubuce da kuma a murya. Ina roƙon a keɓe rana ɗaya a mako a Asibitin Koyarwa domin waɗannan marasa lafiya, da mai fassara a wurin, a kuma ja kunnen masu rubuta magani da masu sayarwa game da magungunan kwantar da tsofaffi. Ina roƙon katin shaida ga masu larurar, da sanar da jami'an tsaro ma'anarsa. Ina roƙon ka yi magana da Diwanin Zakka da Asusun Inshorar Lafiya na Ƙasa a kan na'urar ji da tabarau ga tsofaffi marasa ƙarfi, ka kuma nemi ƙungiyoyin agaji da ke aiki a matsugunan 'yan gudun hijira su sa tsofaffi masu wannan larura cikin lissafinsu.

A ƙarshe ina roƙon ka ba da amsa a fili kamar yadda na yi tambaya a fili, ka faɗa wa jama'ar Gadarif wanne daga cikin waɗannan za a fara da shi, da wane wata, da kuma ofishin da iyali za su nufa idan tsohonsu ya fara rasa magana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.


Naka cikin girmamawa,
Wani ɗan jihar Gadarif